Haƙoran 'Yan Aji Uku

A Tsamiyar Gwadabe, wani ƙaramin gari da ke kusa da Aujara, duk yaron da ya shiga firamare ya san Inna Hadiyya. Kullum da hantsi tana gindin darbejiyar da ke bakin makarantar, tukunyar ɗanwake a damanta, farantin alewa ja da kore a hagunta. Asalinta mutuniyar wajen Haɗeja ce, aure ne ya kawo ta garin. Da mijinta Idirisu ya rasu ya bar mata ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, ba ta koma garinsu ba, don babu wanda ya rage mata a can sai dangi na nesa. Ta kama sana'ar nan, shekara shida ke nan da ita take ci take sha, kuma ba a taɓa jin kanta da uwar wani yaro ba.

A farkon daminar shekarar 2001, wata Talata, wata farar mota ta shigo makarantar. Mace ɗaya da maza biyu suka fito, aka ce daga Dutse suke, sun zo duba haƙoran yara. Aka jawo benci baranda, yara suka yi layi aji-aji. Daga inda take zaune Hadiyya tana hango matar, farar riga a kan hijabinta, tana zura wani ɗan madubi mai mariƙi a bakin kowane yaro, ta haska da tocila, ta faɗi wata magana, ɗaya daga cikin mazan ya rubuta. Da aka tashi tara matar ta tako har gindin bishiya ta sayi ɗanwake, ta zauna a kan saiwa ta ci, ta yaba yajin. Ta ce sunanta Karima, a sashen haƙori na babban asibiti take aiki. Hadiyya ta ƙara mata gyara. Iyakar abin da ya haɗa su ke nan.

Bayan mako biyu takarda ta zo daga Dutse. Malam Tasi'u, hedimastan makarantar, ya tara yara a fili ya karanta musu ita. An duba yara ɗari biyu da goma sha biyu, an samu hamsin da takwas haƙoransu da lahani. Wasu zane ne ya gitta musu haƙoran gaba kamar an ɗaure su da zare, wasu 'yan ramuka, wasu dabbare-dabbare ruwan ƙasa. Arba'in da ɗaya daga cikinsu 'yan aji uku da aji huɗu ne. Takardar ba ta faɗi dalili ba, ta ce dai cikakken bayani zai biyo baya. Shi kuwa Malam Tasi'u mutum ne da ba ya iya rufe jawabi babu nasiha. Ya ninke takardar ya ce, "To, kun ga aikin shan zaƙi. Kullum harsunanku ja da kore." Yara suka yi dariya, wasu suka waiwayo suka dubi gindin darbejiya. Hadiyya ma ta yi murmushi, ba ta ɗauki abin a bakin komai ba.

A ranar, gida-gida iyaye mata suka riƙa jawo 'ya'yansu cikin rana suna ɗaga musu leɓe. Zanen nan ba sabo ba ne, sun daɗe suna ganinsa. Wasu suna cewa ruwan rijiya ne, wasu suna cewa gado ne, ba wanda ya damu. Amma yanzu hukuma ta zo ta ƙirga shi ta rubuta a takarda, hedimasta kuma ya faɗi inda ya fito.

Ranar Litinin Hadiyya ta koma gida da farantin alewarta kamar yadda ta fito da shi. Ranar Laraba har ɗanwaken sai da ya yi kwantai. Wata yarinya ta nufo ta da kwano, yayanta ya fizgo ta baya. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne yadda yara suka fara wuce ta: da sun zo saitinta sai su toshe baki da tafin hannu su ƙara sauri. Har ƙananan 'yan aji ɗaya, waɗanda ba su san dalili ba, haka suke yi.

Da la'asar maƙwabciyarta Aisa ta shigo, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ko zauna ba.

"Yaya Hadiyya, ni dai haƙƙin maƙwabtaka ne ya kawo ni. Ana cewa akwai abin da kike zubawa a alewar nan."

"Sukari ne da kala, Aisa. Ke ma kin sha gani ina haɗawa."

"Na sani. Amma wasu maganarsu ta wuce nan." Ta waiga waje, ta rage murya. "Cewa suke ba a san asalinki ba. Wai mijinki ya mutu, ɗanki ya mutu, ke kina nan ƙalau. Wai me ya sa sai kusa da 'ya'yan mutane kike zama."

Aisa ba ta kira kalmar ba, Hadiyya ma ba ta tambaya ba. Ta san abin da ake yi wa matar da aka liƙa wa maita. Tana yarinya ta ga an jawo wata tsohuwa a garinsu, an tuɓe ta a bainar jama'a an sa ta tsallaka marar lafiya, daga ranar ba a sake ganin matar a garin ba. Aisa ta fita, ita kuwa ta zauna a kan turmi.

Akwai kuma abin da ba ta gaya wa Aisa ba. Shekara biyu da suka wuce, da sukari ya yi tsada, ta fara haɗawa da sikirin, sinadarin zaƙin nan mai arha. Kalar ma ta daina sayen ta gwangwani, ta koma ta wani mai tebur a kasuwar Aujara mai ƙullawa a leda, babu suna babu rubutu. Ta tashi ta ɗauko ƙullin sikirin da na kalar daga bayan randa. Ta samu ɓawon ƙwai, ta jiƙa jar kalar ta ɗiga masa, ta ajiye a rana. Da ya bushe ta wanke, ta sa toka ta dirje. Jan bai fita ba, ɓawon ne ya farfashe a hannunta. Ta daɗe tana kallon gutsattsarin. Ta ce a ranta, ashe ma ni ce.

Duk da haka washegari ta fita, don zaman gida zai zama kamar ta amsa laifi. Ba wanda ya zo sai Madina, 'yar Ashafa mai injin niƙa, 'yar aji uku. Ta zagayo ta bayan bishiya ta ce, "Inna, ba ni ja guda ɗaya, ba wanda ya gan ni." Hadiyya ta so ta hana ta. Amma kwana huɗu ke nan babu yaron da ya kira ta Inna, sai ta ɗauki ɗaya ta miƙa mata kyauta.

Ranar Lahadi da hantsi ta ji hayaniya a ƙofar gidanta. Ta leƙa ta kafar ƙyaure ta ga maza sun kai ashirin, Ashafa a gaba, garin niƙa har gashin girarsa. Ya yi sallama sau ɗaya da ƙarfi. Ta yafa mayafi ta fito, ta durƙusa a bakin zaure.

Ya warware wata 'yar takarda ya miƙo saitin fuskarta. Guntun turmin haƙori ne, baƙi ta ciki.

"A kan alewarki ya karye. Kumatunta ya kumbura har ido ya rufe, kwana biyu tana zazzaɓi ba ta ci ba ta sha. Me muka yi miki a garin nan?"

Wani daga baya ya ce a fito da kayan haɗin a gani. Wani ya ce a shiga a bincike ɗakin. Ta ji an fara tura ƙyauren. Allah ya sa ɗan aiken Dagaci Nata'ala ya iso a daidai lokacin, ya ce dagaci ya ce kada wanda ya taɓa ta, kowa ya hallara ƙofar gidansa ranar Alhamis da hantsi, in magana ba ta mutu a can ba sai gaban alƙali a Jahun. Mutane suka fara watsewa suna gunaguni. Wani saurayi ya tsaya ya dube ta ya ce, "Yanzu dai shari'a ake yi. Haƙori da haƙori ne."

Ta koma ciki ta saka sakata. Tun da aka ƙaddamar da shari'a bara take jin labarai a bakin mata, wanda aka yi wa bulala, wanda aka ce za a yanke wa hannu, ba ta taɓa kawo kanta a ciki ba. Ta samu kanta tana bin haƙoranta da harshe ɗaya bayan ɗaya. Ashirin da tara. Yara kuwa hamsin da takwas. Ta rasa yadda alƙali zai yi da sauran, ta kuma rasa wanda za ta tambaya. Liman surukin Ashafa ne. Malam Tasi'u shi ya fara nuna ta. A nan ne ta tuna da matar da ta yaba mata yaji.

Ranar Talata, gari na wayewa, ta ƙulle ledojin nan biyu a gefen zane ta bi ta bayan gari, ta cikin gonaki, har Aujara. Ba ta taɓa zuwa Dutse ba. Sai da ta sauya mota sau biyu. A ta biyun wasu maza suna hirar wani hukunci da aka yanke a wani gari, suna musu a kan yawan bulalar, ita kuwa ta matse ƙullin nan a cinyarta tana jin kamar kowa yana ganinsa. Da suka iso shingen 'yan sanda, ɗaya ya leƙo ta taga, ta tabbata saƙo ne ya riga ta zuwa. Ya karɓi takardun direba ya duba, ya ɗaga musu hannu. Sai da manyan duwatsun garin suka bayyana, da itatuwan dabino a gindinsu, sannan ta lura gumi ya jiƙa mata riga.

Daga tasha a ƙasa ta taka, tana tambaya ana nuna mata. A asibitin aka ce Malama Karima ta fita wata makaranta, sai bayan azahar. Ta zauna a ƙasa gefen baranda, ba ta yarda ta hau benci ba. Daga cikin ɗakin tana jin ƙarar wani inji da kukan wani yaro, duk lokacin da aka fito da wani da auduga a baki sai ta kawar da kai.

Karima ta dawo wajen ƙarfe biyu. Ta wuce ta, sannan ta dawo da baya. "Inna mai ɗanwake? Ba ke ce ta Tsamiyar Gwadabe ba? Lafiya?"

Ta shigar da ita wani ɗan ofis ta ba ta ruwa. Hadiyya ta kwance gefen zaninta, ta ajiye ledojin a kan tebur.

"Likita, ga su nan. Ni ban sani ba wallahi. In su ne suka cinye haƙoran yaran, ki gaya mini gaskiya, in san abin da zan faɗa wa alƙali."

Karima ta sa ta ba ta labari tun daga farko. Da aka zo kan jawabin hedimasta ta dafe kai ta yi salati. Ta jawo wani haƙorin roba babba kamar dunƙulen hannu, ta ajiye a tsakaninsu.

"Inna, dubi nan. Farin nan da ke lulluɓe da haƙori, tun haƙorin yana ɓoye cikin dasashi ake gina shi, yaro yana goye, shekaru kafin ya yi famfara. Daga bakin haƙorin ake farawa, a riƙa hawa sama a hankali. In yaro ya yi wata babbar cuta a lokacin, zazzaɓi mai zafi ko yunwa, sai ginin ya tsaya. In ya warke ya ci gaba, amma wurin da ya tsaya sai ya bar zane. Zanen da na gani a bakin yaranku da shi haƙoran suka fito. Ba abin da suka ci a makaranta ne ya yi shi ba."

"Ba kalar ba ce?"

"Kala tana rina harshe, ba ta haƙa rami a haƙori. Amma waɗannan na leda ki zubar da su, ba wanda ya san abin da ke ciki. Kuma ba zan ɓoye miki ba, haƙorin da ya fito da rauni zaƙi yana saurin cinye shi. Na yarinyar nan da ya karye, alewa tana da nata kason, taki da ta kowa." Ta jawo wata doguwar takarda ta bi da yatsa. "Abin da ya ɗaure mini kai, a sauran makarantun da muka je ba ya wuce yaro ɗaya cikin bakwai ko takwas. A naku ya haura ɗaya cikin huɗu, kuma sun taru a aji biyu. Shi ya sa ban rubuta dalili ba, ina so in koma in tambaya. Me ya faru a garinku shekara bakwai da suka wuce?"

Ba sai Hadiyya ta yi lissafi ba.

"Ƙyanda," ta ce. "Da bazara ta shigo, ga rumbuna babu komai. Babu gidan da ba ta shiga ba. Akwai ranar da aka kai yara uku maƙabarta kafin azahar." Ta gyara mayafi. "Har da nawa. Huzaifa. Shekararsa biyu, shi kaɗai Allah ya ba ni."

"Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne."

"Amin. Da yanzu yana aji uku." Ta dubi haƙorin robar. "Da shi ma nasa haka za su fito?"

"Wataƙila, Inna."

Karima ta rubuta takarda mai tsawo ta buga mata hatimi. Ta ce za ta roƙi shugabanta mota ranar Alhamis, amma ba ta yi alkawari ba, motar ɗaya ce tal. Ta sake ɗaukar haƙorin robar ta nuna mata: wanda cutar ta sama yana rarrafe, zanensa yana kusa da bakin haƙori, wanda ta sama ya fara gudu, nasa ya fi hawa sama. Ta sa ta maimaita har sau biyu.

Ranar Alhamis tun asuba aka goce da ruwa, bai ɗauke ba sai da hantsi. Kwarin da ke tsakanin garin da titi ya cika ya batse. Hadiyya ta tsaya a ƙofar gida tana duban hanya har ɗan aike ya zo kiranta karo na biyu. Ta san babu motar da za ta tsallako.

Ƙofar gidan dagaci ta cika. Dagaci Nata'ala yana kan kujera a bakin zaure, liman a gefensa, Malam Tasi'u a tsaye da laima a hammata. An kawo Madina, kumburin ya ɗan saɓe, an ɗaure mata haɓa da ɗankwali. Aka nuna wa Hadiyya wani wuri a tsakiya ta durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ashafa ya faɗi ƙararsa. Wasu iyaye uku suka faɗi tasu. Da aka ce ta yi magana, ta miƙa takardar kawai.

Malam Tasi'u ya karanta a zuci tukuna, aka ga fuskarsa ta sauya. Sannan ya fassara da Hausa, yana yi yana tsayawa.

Ashafa ya ce, "Ranka ya daɗe, takarda ce. Mu ba mu ga wanda ya rubuta ba. Matar da ta iya sulalewa har Dutse ba wanda ya sani, me zai gagare ta? Ƙyanda an yi ta an gama tun yaushe. Yau kuma a ce ita ta karya wa 'yata haƙori ranar Alhamis?"

Aka ɗauki gunaguni, da'irar ta ƙara matsowa. Hadiyya tana ganin ƙafafu kewaye da ita, duk taɓo. Wani ya ce a tambaye ta me ta je zubarwa a bayan gari jiya. Ashe an gan ta. Ta dafa hannu biyu a ƙasa ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa har sai da dagaci ya ce a yi shiru.

"Ranka ya daɗe, sikirin ne da kalar leda. Shekara biyu ina sa su, ban faɗa wa kowa ba. Likita ta ce ba su ne suka yi zanen ba, amma in zubar, na zubar. Ta ce haƙorin Madina da rauni ya fito, zaƙi ya ƙarasa shi, kuma ni na ba ta alewar da hannuna. Wannan na ɗauka. Amma ina roƙon arziki, a kira yaran. A jera su, ƙarami zuwa babba. In ba a ga abin da ta ce ba, a kai ni Jahun."

Dagaci ya dubi hedimasta. Malam Tasi'u ya tafi da kansa, ya dawo da rajista da yaran aji uku da na huɗu masu zanen. Ya riƙa kiran suna yana jera su bisa shekaru a jikin katanga, ya ce kowa ya washe baki. Dagaci ya taso da sandarsa, liman ya biyo shi, suka fara daga ƙaramin. Zanen farko yana dab da bakin haƙori. Suka matsa. Na gaba ya ɗan hau. Ba duka ne suka bi daidai ba, akwai biyu uku da suka saɓa, amma duk mai ido ya ga yadda zanen yake hawa har suka kai ƙarshen layi, inda ya kai tsakiyar haƙori.

"A kawo mini 'yan aji shida," in ji dagaci. Aka kawo. Shekara shida suna shan alewar, haƙoransu lafiya ƙalau sai mutum biyu. Malam Tasi'u ya jawo ɗansa na cikinsa, wanda a Ringim aka haife shi, bara suka zo garin, kuma duk makarantar an san babu mai shan alewa kamarsa. Ya ɗaga masa leɓe. Fari tas.

Dagaci ya juyo ga iyaye. "A cikin waɗannan na jikin katanga, wanda ɗansa bai yi ƙyandar nan ba ya yi magana."

Mutum ɗaya ne ya ce nasa bai yi ba, amma ya yi gudawa wata guda a shekarar. Sauran ba wanda ya tanka. Dagaci ya tsaya a gaban Madina ya sassauta ɗankwalin ya duba. "Ashafa, tana da wata nawa lokacin?"

"Rarrafe take yi," in ji Ashafa. "Har mun fitar da rai."

Wani tsoho daga baya ya fara kiran sunayen waɗanda aka binne a shekarar, gida-gida, kamar da kansa yake magana. Ya kira goma sha tara. Liman ya ɗaga hannu aka yi musu addu'a, har da waɗanda suka zo da niyyar jifa suka shafa.

Dagaci ya koma kujera ya yanke magana. Babu zuwa gaban alƙali. Alewa kuwa an hana sayar da ita a bakin makaranta, ga Hadiyya da kowa. Duk wanda ya sake jifanta da waccan kalmar, da shi zai yi. Liman ya sa aka nemo saurayin nan mai cewa haƙori da haƙori, ya ce masa shari'a ba a bakin titi ake yanke ta ba, kuma ƙazafi ma yana da nasa hukuncin. Malam Tasi'u ya matso ya ce, a gaban kowa, shi ne ya faɗi abin da takarda ba ta faɗa ba, ta yafe masa. Ta ce ta yafe. Da ta zo tashi, Aisa ta ratso cikin maza ta kama ta.

Farar motar ba ta zo ba sai mako na gaba, da kwari ya janye. Karima ta yi wa iyaye bayani a makaranta, ta tafi da Madina da wasu yara shida Dutse, aka cire na cirewa aka cike na cikewa. Hadiyya ta koma sayar da ɗanwake, ta ƙara da dafaffiyar gyaɗa da ta shigo. Yara da yawa sun dawo, amma akwai gidaje huɗu ko biyar da har aka yi hutu 'ya'yansu ba su sake tsayawa a gabanta ba. Ita ma ta daɗe ba ta koma daidai ba. In ta ji sallamar namiji a ƙofar gida sai ta leƙa kafin ta amsa.

Ashafa bai taɓa zuwa ba. In sun haɗu a hanya sai ya gaishe ta yana duban ƙasa. Matarsa ce ta zo wata Juma'a da yamma, da kwanon gero a ƙarƙashin mayafi. Ta ajiye ta ce babu yawa. Hadiyya ta shimfiɗa mata tabarma. Suka yi ta gaisuwa suna maimaitawa, sannan matar ta ce ita ma ta rasa ɗaya a shekarar, yayan Madina, kwana biyu tsakaninsa da Huzaifa. Ta ce tana tuna har sun haɗu a layin allura a Aujara, kowace da goyo, bayan abin ya riga ya shigo gari. Hadiyya ta ce ta tuna, ranar ce ruwan allurar ya ƙare kafin a zo kansu. Suka zauna suna hira har rana ta yi sanyi, sannan Hadiyya ta juye geron ta wanke mata kwanon, ta raka ta zuwa bakin lungu.